Zuwa ga ƴan'uwanmu mazauna waje, daga direban da ke ɗauko ku

Assalamu alaikum.

Alhazai da hajiyoyi, yayye da ƙanne, ƴaƴanmu da ke Faransa da Jamus da Beljiyam da Amurka, da na Jidda da Dubai, da na nan kusa a Liberbil da Malabo, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da kewar gida. Mutanen kudancin Kamaru suna ce wa na Turai a cikinku "mbengis". Mu a Garwa ba mu laƙaba muku komai ba, ƴan waje kawai muke cewa.

Ni direba ne. Shekara 19 ke nan ina ba da hayar mota da ni a ciki, kuma rabin cinikina na shekara a hannunku yake: hutun Yuli da Agusta, ƙarshen shekara, da babbar Sallah in ta faɗo daidai da hutunku. Ni nake tarbarku a filin jirgi, ko in kwana a Ngaundere ina jiran jirgin ƙasan da ya taso daga Yawunde da yamma, in kwaso ku da akwatunanku mu gangaro dutse mu kama hanyar Garwa, kilomita kusan 280. Ni kuma nake mayar da ku. Don haka na san ku da fuska biyu, ta ranar zuwa da ta ranar komawa, alhali iyayenku ɗaya kaɗai suka sani. Ku kwantar da hankalinku, ba zan kama sunan kowa ba, abin da aka faɗa a mota amana ne. Amma akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma a mota ba ta faɗuwa, don ba a katse mai biyan kuɗi.

Ranar zuwa kusan duk iri ɗaya ce. Ba mu ma fita daga harabar filin jirgi ba an fara: "Kai, wannan zafi! Yaya kuke rayuwa a nan?" Mutumin da aka yanke wa cibiya a Hausare ke nan, wanda ya koyi iyo a Binuwai, wanda ya yi Afrilu 25 a garin nan ba fanka. Muna faɗa wa ramin farko sai a ce, "A can da tuni an kai magajin gari kotu." Ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, ya gifta da mutum uku a baya, "A can…" Na miƙa sefa 500 a shingen kuɗin hanya, "A can…" Wata rana don in rage wa kaina tafiya na yi ta ƙirgawa a zuci. Daga Ngaundere zuwa Mbe na samu "a can" 31. Daga nan na bari, don hanyar na bukatar hankalina.

Ban ce ƙarya kuke yi ba. Hanya ta lalace, ni nake sayen taya da sifirin, ba sai an faɗa mini ba. Wuta kuwa, tun 1982 madatsar Lagdo ke ɗauke da Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa da injina huɗu masu jimillar megawat 72, jama'a ta ninka ta sake ninkawa, yashi ya cika gindin tafkin, in damina ta yi gardama ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage, ba su kashe ba. Mu muke kwana a tsakar gida lokacin da zafi ya haura 40, mu muke zubar da naman da ya lalace a firji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke suka shi ne muryar da kuke faɗa da ita, kamar ku kuka gano ramin, mu kuma daɗinsa muke ji.

Bari in ba ku abu ɗaya da na gani da idona. Na kawo wani bawan Allah gidansu bayan shekara 9 bai taka ƙasar nan ba. Tsohuwa tun asuba ta sa an share ƙofar gida an yayyafa ruwa, an yanka rago, an dama fura. Tana hango shi ta kasa tashi daga tabarma. Da aka natsa, ta aiki jikarta ta ɗebo ruwan randa a sabon kwanon sha da ta saya saboda shi, takardar kanti na nan manne a gindinsa ba a ɓare ba. Yarinya ta durƙusa ta miƙa. Ya leƙa cikin kwanon ya ce, "A'a Inna, ni ba na shan irin wannan. A can ko kare ba a ba shi ruwan da ba a tace ba." Ya waiwayo ya ce in ɗauko masa katan ɗin ruwan gora a bayan mota. Tsohuwa ba ta ce uffan ba. Ta karɓi kwanon ta sha da kanta, ta ajiye a gefenta, ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Ni da ba uwata ba, sai da na fita waje na tsaya a jikin mota.

Kuma fa yana da gaskiya a kan ruwan. Cikin da ya yi shekara 9 bai gamu da ruwan rijiya ba, kwana biyu zai kwantar da mai shi. Wata likita daga cikinku ta bayyana mini a mota cewa ko zazzaɓin sauro, ƙarfin da jikinmu ya tara tun yarinta zubewa yake yi in mutum ya daɗe a ƙasar da ba sauro, shi ya sa ɗan waje yake faɗuwa warwas inda mu za mu yi ciwon kai mu wuce. Ku sha ruwan gora, ku sha maganin riga-kafi, ku kwana cikin gidan sauro, balle masu zuwa a Agusta. Amma da ya ce, "Inna, cikina ya saba da wani ruwa, likita ya hana ni," ai da ita za ta aika a sayo masa katan goma. Karen nan me ya kawo shi?

Akwai kuma masu juya kwatancen ta ɗaya gefen, kuma su ma suna ba ni dariya. Mutum ya zauna a bakin gulbi da gasasshen giwan ruwa a gabansa, an ɗaure masa kilishin tsaraba, ƙanne na rige-rigen wanke masa kaya, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi ku kuke jin daɗi, can ba rayuwa ba ce, ni baɗi dawowa zan yi." Da tikitin komawa a aljihunsa. Garwar mako uku da yuro a jaka ba ita ce Garwar da muke ciki ba. Akwai wanda shekara 11 ke nan yana gaya mini baɗi.

Amma ba don kwanon ruwa na zauna rubutun nan ba. Don majalisar bayan isha'i ne.

Kun san yadda take. An shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, shayi na kan gawayi, samarin layi sun cika, har waɗanda ba su taɓa zama a nan ba. Ana cikin hira sai ɗaya ya yi ƙarfin hali: "Yaya, wai nawa ake biya a can?" Kai kuma ka gyara zama ka ce, "Ko shara kake yi ba ka rasa yuro 1,400 a wata." Ba ka yi ƙarya ba, mafi ƙarancin albashi a Faransa kusan haka yake zuwa hannu. Amma ka duba hannuwansu a lokacin. Kowa ya zaro waya yana bugawa. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka tun 1999, lissafin ba wuya: 918,000. A ƙasar da mafi ƙarancin albashin yawancin ma'aikatan kamfani yake 60,000 tun 2023, kuma da yawa ko shi ba sa gani. A cikin masu bugawar nan akwai ɗan kilandon da ya wuni a rana, ya cire kuɗin mai babur, ya cire na zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, wanda tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 ya daina zama mai araha, ya shigo da 2,000 a aljihu. Ya kalli agogonka, ya kalli takalminka, ya kalli lambar da ke kan wayarsa. Kai ka shiga ka yi barci. Shi bai yi ba.

Ragowar lissafin ni ake ba, ranar komawa. Ranar nan mota shiru take. Sai mun tsallake gadar Binuwai, gari ya ɓace a madubi, sannan baki ke buɗewa. Wannan ya ce ɗakin da yake haya kaɗai yana cin kusan rabin albashinsa, kafin a zo ga wuta da katin jirgin ƙasa da inshora. Wancan ya ce su huɗu ne a ɗaki, gado biyu, masu aikin dare su kwanta da rana. Wani ya yi shekara 6 yana aiki da takardun wani, duk wata mai takardun na yankar rabonsa, kuma in ya hango ɗan sanda a tasha sai ya sauya hanya. Wata baiwar Allah da ake cewa a unguwa "tana aiki a asibiti," tsofaffi take ɗagawa tana wankewa a gidan kula da su, bayanta ya tafi, a mota sai da muka sa mata filo biyu. An ba ni labarin lokacin sanyi da duhu ke rufewa tun biyar na yamma, da Sallar da ake sallame idi a ruga wurin aiki, da maƙwabcin da ya mutu a ɗaki sai wari ne ya sanar. Na Jidda su ma da nasu: igama, wato takardar zama, a hannun kafili ko babu ita sam, yara an haife su a can sun girma ba takarda, kullum kunne na sauraren masu kame. Zuwan nan kansa, da tsaraba da ragon da aka yanka da kuɗin da aka raba wa goggonni, tarin shekara biyu ne da bashin da za a yi wata goma ana biya. Akwai waɗanda muna isa sai su ce, "Baba direba, ka yi haƙuri da cikon, in na sauka zan turo." Ina haƙuri, kuma yawancinsu suna turowa.

Ba abin kunya ko ɗaya a cikin wannan. Wanda ya wanke tsoho ya gina wa uwarsa ɗaki, ni a wurina ya fi mai kwat da ya ci kuɗin marayu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rabon da kuke yi: shafin samu a karanta wa yara, shafin kashewa a karanta wa direba.

Ɗan ƙanwata yana cikin masu buga waya a irin wannan majalisa. Shekararsa 22 a lokacin. Babur ɗin da uwarsa ta saya masa da kuɗin adashe ya sayar, bai yi sallama da kowa ba, sai daga Kano ya kira. Ya bi ta Damagaram da Agadas da Arlit ya shiga Aljeriya. Ya yi wata 7 yana ɗaukar bulo a wani gini, yana kwana a cikin ginin, yana tara kuɗin gaba. Wata asuba aka yi musu dirar mikiya, aka karɓe waya da kuɗi, aka loda su a manyan motoci kwana da kwanaki, aka sauke su a cikin rairayi da dare aka nuna musu kudu aka ce ga Nijar can. Kilomita 15 ne daga nan zuwa Assamaka, a ƙafa. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta dawo da shi, bayan ya yi watanni yana jiran layi. Da na je ɗauko shi na wuce shi sau biyu ban gane shi ba. Abokinsa da suka rabu a Agadas ya nufi Libiya, yau shekara uku ba labari. Uwarsa ta rasa ko ta yi sadaka ko ta ci gaba da jira, duk lambar da ba ta sani ba in ta kira sai hannunta ya kama rawa.

Kada ku ce yaran ba su san haɗarin ba. Duk sun ga bidiyon nan na 2017 da aka nuna ana gwanjon mutane a Libiya, sun ga ƴan Kamaru da aka kwaso a jirgi bayansa. Amma wancan a waya suka gani, kai kuwa ga ka a kan tabarma, ana jin ƙanshin turarenka. Gani ya kori ji. Ban ɗora muku laifin duka ba. Tun da Boko Haram ta rikita kan iyaka kasuwancin da ya riƙe gidaje da yawa ya karye, ruwa ya ci gonaki a 2012 ya sake ci a 2024, yaro ya gama jami'ar Ngaundere ko ta Marwa ya dawo yana tura baro. Itacen a bushe yake. Ku dai ku lura da ashanar da ke hannunku.

In na yi zafi, don na taɓa ƙyasta ta ne. A 1991 na tafi Liberbil ina tuƙa wa wani tasi. Bayan shekara biyu na zo ganin gida da rediyo mai kaset biyu da agogo mai ruwan zinariya, na zauna a ƙofar gidanmu na yi ta zuba, ban ce musu a cikin motar nake kwana ba. Yara biyu na layinmu suka bi ni. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, komai ya yi tsada, a 1995 kuma Gabon ta tasa baƙi marasa takardar zama a gaba. Dukanmu muka dawo, kowa da jakar leda ɗaya. Ɗaya daga cikin yaran gonar gado aka sayar aka yi masa guzuri. Yayansa har ya koma ga Allah bai sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

Mu na gida kuma, in za a faɗi gaskiya, mu muka ɗinka muku rigar ƙaryar nan. Wata na kamawa waya ta fara ƙara, wannan haihuwa, wancan asibiti, wani kuma asibitin ma ƙirƙirarsa aka yi. Ka turo kuɗin gini shekara huɗu, a riƙa aiko maka da hoton katangar maƙwabci, ka zo ka tarar da fili da bulo 200 da ciyawa ta rufe. Na kai mutum ganin "gidansa" a bayan gari, ya tsaya ya fi minti goma bai yi magana ba, ƙaninsa na gefe yana sosa ƙeya. In ka ce ba ka da shi, mu ce waje ta canja ka. In ka zo ba ka yi rabo ba, kafin magariba labari ya zaga cewa wane ya dawo hannu rabbana. Wa zai faɗi gaskiyar halinsa a gaban mutanen da suka shirya yi masa dariya? Wannan namu ne, kuma ina faɗa wa na gida kamar yadda nake faɗa muku.

Duk da haka na ga wadda ta fasa ƙwai. Ma'aikaciyar jinya ce a Jamus. Da ƴanmatan gidansu da na maƙwabta suka kewaye ta da tambaya, sai ta shiga ɗaki ta fito da takardar albashinta ta miƙa wa mai karatu a cikinsu. Ta nuna musu lambar sama, ta bi layi-layi tana cewa wannan haraji, wannan inshorar lafiya, wannan ta tsufa, har aka zo lambar ƙasa. Ta ɗauki biro ta cire haya da abinci da abin da take turo wa gida. Abin da ya rage ya sa wata ta ce, "Anti, shi ke nan?" Ta ce shi ke nan. Sannan ta gaya musu hanyar da ta bi: shekara ɗaya da rabi tana koyon Jamusanci kafin ta nemi biza, da jarrabawar da ta faɗi sau ɗaya ta sake, da kuma cewa mai son zuwa karatun jami'a sai ya nuna sama da yuro 11,000 a asusu na shekara guda, wato fiye da sefa miliyan 7. Ba ta ce kada su je ba. Ƴan Kamaru na cikin ɗaliban Afirka mafi yawa a Jamus, hanya ce da ake bi. Ina zaune a zaure ina jiran in kai ta Pitowa, ranar Lahadi ce ta kasuwa, har muka makara, ban ce mata komai ba.

Kwatancenku yana da wurin da zai yi amfani, ku kai shi can. Kun ga yadda ake bin layi a asibiti ba tare da neman ɗan'uwa a ciki ba, kun ga yadda ake kwashe shara, kun ga ofishin da ake shiga a fito da takarda ba a sa hannu a aljihu ba. Tsohuwa mai randa ba ita ke riƙe da kasafin gari ba, ni ma ba ni ba ne. Wanda ya ce a can da an kai magajin gari kotu, na san ofishinsa, na san na gwamna, na san gidan ɗan majalisa, kuma wannan tafiyar kyauta zan kai shi. Ku ma kuna da kokenku da ya fi ramin hanya. Dokar ƴan ƙasa ta 1968 har yau ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, wanda ya karɓi fasfon Faransa ko na Jamus ya zama baƙo a garin da aka binne kakansa. Tun 2023 ta intanet ake cike takardar biza, amma biza dai biza ce. Na ɗauko wanda mahaifinsa ya rasu, ya tsaya neman izinin shigowa, ya iso an riga an yi sadakar bakwai an naɗe tabarmi. Daga filin jirgi ya ce in wuce da shi maƙabarta tukun. A hanya yake ce mini abin da ke hana shi barci shi ne inda za a sa shi in tasa ta zo, don ya ga yadda ake yawo da kwano a masallaci ana tara kuɗin akwati da na jirgi. Na tuna masa cewa ko Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan da ya mulki ƙasar nan shekara 22, tun 1989 a Dakar yake kwance. Bai ce komai ba.

Bana ma na san kuna tafe, wasunku sun riga sun kira sun kama kwanaki. Na'urar sanyin motar ta mutu tun watan jiya, kayan gyaran sai daga Duwala, in ba su iso ba gilashi za mu sauke, ku zo da haƙuri. In kun zauna a majalisa aka yi muku tambayar nan, ku fito da takardar, ku karanta ta har ƙasa.

Ɗan ƙanwata yana nan, yana tuƙa babur ɗin wani yana kai masa kuɗi kullum da yamma, ba ya zama majalisa in ɗan waje ya zo. Ƙaninsa ne ke zama. Shekararsa 17, shi ke zuba muku shayi, kuma shekaranjiya na ji yana tambayar wani nawa ne kuɗin mota daga Kano zuwa Agadas.

Wassalam.

Naku,
Wani direba daga Hausare, Garwa